Shekarar da Na Ɗauke Yayanku Daga Ɗakin Inna

Na san abin da ake gaya muku in kun je Shagari gaisuwa. Ba a faɗa da ƙarfi, amma ana faɗa: wai ubanku ne ya shiga gida da rana tsaka ya janye jikan da aka ba mahaifiyarsa riƙo, tsohuwa ba ta ƙara jin daɗin duniya ba har ta koma ga Allah. Ban taɓa musawa ba, domin haka aka yi. Abin da ba a gaya muku shi ne abin da ya kai ni, kuma waɗanda suka san shi duk sun kwanta dama, saura ni kaɗai. Na gaji da ganin kuna sunkuyar da kai in an ɗauko zancen, na kuma gaji da yin shiru. Shi ya sa na ce bari in rubuta tun ido na gani, wanda zai ga laifina a cikinku ya gani da saninsa.

Ku da kuka tashi kuna kiran 'ya'yanku na fari da sunansu, har ku saɓa su a wuya ku shiga kasuwa, ba za ku gane nauyin abin ba sai na yi muku bayani. A gidanmu ɗan fari ba naka ba ne. Ba ka faɗin sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa goshi sai ka kau da kai har wani ya zo ya ɗaga shi. Da an yaye shi ake kai shi ɗakin kakarsa, can zai tashi, kai kuma ba ka da bakin cewa a yi masa kaza ko kada a yi masa kaza. Kunya ke nan, kuma da ita ake auna ko mutum ɗan gidan mutunci ne. Ni kaina ɗan fari ne a wurin Inna. A Horo Birni na tashi, hannun kakata, kuma har na yi gemu Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. In za ta yi zancena sai ta ce "wancan". Da na fara koyarwa ta ɗan samu sauƙi, ta koma cewa "Malam".

To haka aka yi da yayanku. Ina koyar da Arabiyya a makarantar firamare a Bodinga, ni da mahaifiyarku Hadiza muna zaune a gidan haya bayan kasuwa, shi kuma tun yaye yana Shagari a ɗakin Inna. Kun san Hadiza ɗiyar Baffa Sanda ce, ƙanin mahaifina, wanda ya riƙe gidan bayan rasuwar Baba. Saboda haka Baffa baffana ne, surukina ne, kuma shi ne mai gida. In zan shiga zaurensa tun daga bakin ƙofa nake durƙusawa, kuma na fi sanin yatsun ƙafarsa a kan fuskarsa.

Inna kuwa ta ɗauki yaron nan ta sa a ranta. "Maigidana" take ce masa. Shi ake fara zuba wa nono in an tatso, shi ke kwana a bayanta, in ya yi ɓarna ɗan wani ake duka. In na je gaisuwa nakan zauna nesa ina sauraron su suna faɗansu na miji da mata, ita ta ce ya bar ta ba cefane, shi ya ce ta tsufa zai ƙaro amarya, ni kuma ina satar kallonsa ta gefen ido kamar ɓarawo. Sai dai tun yana rarrafe an san shi da haɓo. Jini ya ɓalle masa ta hanci ba dalili, a toshe da tsumma, a jiƙa masa kai, ya ƙi tsayawa sai ya ga dama. In ya yi ɗan tuntuɓe sai wurin ya taru ya yi baƙi, ka ce da sanda aka doke shi. In ya sha rake sai ka ga jini a jikin abin da ya tofar. Ba baƙon abu ba ne a zuriyarmu. An sha ba mu labarin wani ƙanin su Baba da ya rasu a ɗakin kaciya, aka ce bakin mutane ne ya kama shi don yaro ne kyakkyawa. Ana cewa jinin gidanmu gaggawa gare shi, a yi dariya a wuce.

Inna tana da nata bayanin. Ta ce zafi ne ke hawa kan yaron, in ya rasa hanya sai ya fasa ta hanci, saboda haka in aka kashe ciwon kan an kashe haɓon. Maganin ciwon kai kuwa a lokacin ɗaya ne kowa ya sani, farar ƙwayar nan asfirin. Ranar kasuwa mai tallar magani yakan shimfiɗa tabarma ya ƙunsa maka a takarda. Inna takan sayar da man shanunta ta saya, ta zuba a wani gwangwanin alewa mai murfi da take ajewa ƙarƙashin gadonta. Ita ma da ƙwayar take rayuwa, don gwiwoyinta sun daɗe da gajiya, in ba ta haɗiya da safe ba sallah ma a zaune take yi. Duk sa'ad da hancin Maigidanta ya ɓalle sai ta ɓare rabi, ta murƙushe a cokali da ɗan nono, ta lallashe shi ya sha. Haɓo ya ƙaru, ta ƙara ƙwaya. Ba wanda ya ga aibin haka, ni ma ban gani ba, don mu ma a Bodinga abin da muke ba yara ke nan in jikinsu ya yi zafi.

Shekarar da nake ba ku labari ita ce ta ƙarshen mulkin farar hula na wancan karon. Mutanen wasu garuruwa suna mana kallon mun haye, tunda mai mulkin ƙasa daga wajenmu ya fito. Mu dai abin da muka sani shi ne damina ta yi gardama, ciwo ya shiga shanu, albashi ya koma sai an ga dama, sabulu da shinkafa sai ka wuni a layi ka dawo hannu rabbana. Kowa a gajiye yake, har gaisuwa sai da ta gajarce.

A cikin wannan hali Safiya ta faɗi. Ba ku san ta ba. Ita ke bin yayanku, tana hannunmu a Bodinga, 'yar baƙa mai surutu, ba ta kai shiga makaranta ba. Ta kwana biyu da zazzaɓi ana ba ta ƙwayar. Ranar da ta ji dama ta fito tsakar gida da gudu, ta yi karo da turmi ta ciji harshenta. Ciwon ɗan mitsitsi ne, in ka gani sai ka ce a ba ta ruwa ta kurkure baki ta koma wasa. Amma jini ya ƙi tsayawa. Aka danna, aka sa gishiri, aka yi tofi, na yi rubutu aka wanke ta sha, wuni guda tana haɗiya tana amayarwa. Washegari da safe na ga leɓɓanta sun yi fari, na saɓa ta na tari motar kasuwa zuwa Sakkwato.

Ba na son tuna asibitin nan. Ma'aikata akwai, suna ƙoƙari iyakar ƙarfinsu, amma komai ka tambaya sai a ce ka shiga gari ka nemo, har auduga. Likitan da ya karɓe mu Balarabe ne ɗan Masar, dattijo mai furfura, da ya ji ina Larabci sai ya sallami tafinta muka yi magana kai tsaye. Aka ɗebi jinina aka ƙara mata. Ta ɗan farfaɗo, ta nemi ruwa, ta tambayi ina uwarta. Kashegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Kafin in ɗauke ta likitan ya kama hannuna ya kai ni wani ɗaki, ya ce in sa ido a madubin da suke duba jini. Ni ban ga komai ba sai ɗigo-ɗigo. Ya yi haƙuri da ni ya yi mini bayani, kuma zan faɗa muku yadda na riƙe shi, don ku ma abin ya shafe ku. Ya ce a cikin jinin kowane mutum akwai wasu ƙananan ƙwayoyi da aikinsu shi ne toshe rauni. In jijiya ta fashe su ke fara isa, su manne a bakin wurin, 'yan'uwansu su taru a kansu har ƙofa ta rufe, kamar yadda ake yaɓa ƙasa a tsagar bango. Na Safiya kuwa manya ne, ba su da yawa, kuma ba su da abin kama bangon, sai su zo su wuce, jini ya bi bayansu. Ya ce da haka aka halicce ta, ba ciwo ba ne da ta ɗauka a wani wuri. Sannan ya tambaye ni me muka ba ta da take zazzaɓi. Na faɗa masa. Ya rufe ido.

"Wannan maganin," in ji shi, "ko ga mai lafiya rage wa ƙwayoyin nan ƙarfi yake yi, kuma in an sha sau ɗaya yakan yi kwanaki yana aiki. Mai lafiya ba zai ji a jikinsa ba. Irin 'yarka kuwa, ɗan abin da ya rage mata ne ake ƙwacewa. Kai da matarka akwai zumunta?"

"Ɗiyar baffana ce."

"To daga nan ne. Kai kana ɗauke da rabi, ita tana ɗauke da rabi, kuma ku biyu lafiyarku lau. Ɗan da ya haɗa rabinka da rabinta shi ke fitowa da shi. Ba kowane ɗa ba, amma ba za ka san wanne ba sai an duba. Kana da wasu 'ya'ya?"

Ku ji abin da al'ada ke yi wa mutum. Gawar 'yata tana ɗaki na gaba, amma bakina ya kasa cewa ina da ɗa. Na ce:

"Akwai wani yaro a gidanmu."

"Yaron wa?"

Na kau da kai. Ya zaci Larabcinsa ne ban gane ba, ya maimaita a hankali. Na kalli ƙasa na ce na wajenmu ne, na faɗa masa zancen haɓon da tabon da gwangwanin Inna. Ya ce abu biyu zan riƙe. Kada asfirin ta ƙara shiga bakin yaron, ko ita ko duk wani garin magani da aka haɗa da ita. In zazzaɓi ne a ba shi farasitamol. Kuma kada aska ta taɓa shi, ko kaciya ko ƙaho ko tsaga, sai a asibiti, sai an tanadi jini a gefe.

"A halin da ake ciki kuwa," in ji shi, "ba ni da abin da zan tanada masa. Ka jira."

Na bi hanyar da aka san ɗan mutunci da bi. Bayan an share makoki na samu Goggo Mairo, ƙanwar Baba, wadda ita ce bakin kowa a gidan. In kana da maganar da ta fi ƙarfin bakinka ita kake ba. Na zayyana mata komai, na roƙe ta ta kai wa Inna da Baffa. Ta ce to. Ranar kasuwar Bodinga ta dawo, ta zauna, ta sha ruwa, ta daɗe tana gyara bakin zanenta.

"Na kai," ta ce. "Innarka ta ce maganin da Turawa sunka yi, shi za a ce yana zubar da jini? Ta ce ita kullum sha take, ina nata jinin ya zuba? Ta ce zafin rashi ne ke sa ka wannan zance, Allah shi ba ka dangana."

"Baffa fa?"

"Baffanka ban kai mashi duka ba. Da wane baki zan ce mashi jininai da na yayanai sunka haɗu sunka kashe jika? Na dai ce kana roƙon a jinkirta kaciya. Ya ce an riga an gaya wa wanzami, da an kai amfani gida za a yi wa yaran unguwa gaba ɗaya, ba za a ware nashi jikan a bar shi abin dariya ba. Ya kuma ce in tambaye ka, tun yaushe uba ke sa baki ga zancen ɗan fari."

Geron da ya samu ya tsira aka fara yanka. Ina shiga aji in tsaya gaban allo in manta abin da na zo koyarwa. Na yi ta saƙa da warwara: in sake aika Goggo, in nemi liman ya sa baki, in jira ko Baffa zai sauko. Duk hanyar da na ɗauko sai in ga ta fi kwanakin da suka rage tsawo. Mahaifiyarku tun rasuwar Safiya ba ta cika magana ba. Ita kunyarta ta fi tawa, don yaron ɗan farinta ne, gidan kuma na ubanta ne. Tun da aka yaye shi ban taɓa jin ta tambayi lafiyarsa ba, sai dai in na dawo daga Shagari ta yi ta kallon bakina ko zan yi suɓul da baka. Wata Asabar da safe ina sa takalmi zan tafi gaisuwa, tana tankaɗe ta ba ni baya, sai na ji ta ce:

"Malam."

"Na'am."

"In ka tafi, kada ka dawo kai kaɗai."

Ba ta juyo ba, ta ci gaba da tankaɗenta.

Na isa da hantsi. Na durƙusa a zaure na gai da Baffa, yana tare da mutane, a cikinsu har da wanzamin da zabirarsa a gefe, ana zancen tsai da rana. Na shige ciki. Matan gida suna sussuka. Inna tana zaune a inuwar rumbu ta miƙe ƙafafu, yaron yana kwance da kansa a cinyarta, tsumman hancinsa ya jiƙe ya yi ja. Ya rame, tafin hannunsa fari fat, irin farin da na gani a leɓɓan Safiya. Gwangwanin yana buɗe a gefenta, tana murƙushe ƙwaya a cokali tana masa wasa.

"Tashi ka sha, Maigida. In ka kwanta wa za ya yi mani cefane?"

Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe kamar kullum. Ta tallafo kansa ta kai cokali. Ban san lokacin da hannuna ya isa ba, sai dai na ga na riƙe wuyan hannunta. Tunda nake ban taɓa taɓa jikin Inna ba, ban san hannunta ƙarami ne haka ba. Nonon ya zube a zanenta. Taɓare suka tsaya a tsakar gida.

"Inna, ki yi mani gafara. Ba za ya sha ba."

"Sake ni."

"Wagga ƙwaya da ita Safiya ta tafi. Bello ɗana ne, kuma yau da shi za ni koma."

Wannan ne karo na farko da sunansa ya fita daga bakina, kuma kun ga ko a rubuce sau ɗaya na iya. Wata daga cikin matan ta yi salati. Aka ruga aka kira Baffa, ya shigo har tsakar gida, abin da ba ya yi da rana. Ya tambaye ni ko na sha wani abu ne. Na faɗa masa abin da Goggo ta kasa faɗa, duka, da rabina da rabin ɗiyarsa, da ƙaninsu da ya rasu a ɗakin kaciya. Ina faɗa ina kallon ƙasa, amma na faɗa. Ya saurara har na kai aya.

"Wato mu munka haɗa auren, mu munka kashe. Madalla. To ɗauki ɗanka, tunda bakinka ya iya faɗin ɗanka ne. Amma ka sani, duk ran da ya tako gidan ga, ran nan wanzami za ya zauna kansa. Ba a tashi da ƙato marar kaciya cikin zuriyata."

Duk wannan bai shige ni kamar abin da ya biyo baya ba. Inna ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta aje cokalin, ta ɗago ta kalle ni ido cikin ido, karo na farko a rayuwata.

"Ran da anka zo anka ɗauke ka, nono na zuba gare ni, ban ce uffan ba. Anka ce in yi haƙuri, wata rana za a kawo mani naka. Na yi haƙuri. An kawo. Yanzu kuma kai ka zo."

Na ɗauki yaron yana ihu yana riƙe da zanenta, ita da kanta ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Na fito ta zaure da shi a kafaɗa, mutane suka buɗa mini hanya, ba wanda ya ce in sauka lafiya.

Kada ku zaci daga nan aka ji daɗi. Yaron bai san mu ba. Ya ƙi abinci, ya tare a bakin ƙofa yana kallon hanyar mota, duk tsohuwar da ta gitta sai ya miƙe. Mahaifiyarku ta rasa yadda za ta yi da shi, hannunta bai saba ba, kunya kuma ba ta sake ta ba. Sai ta aje masa tuwo ta koma bayan ɗaki tana leƙen ko ya ci. Ni "Malam" yake ce mini kamar ɗalibaina, kuma kun ji har yau haka yake ce mini. Na kai shi wurin likitan nan kafin ya tattara ya koma ƙasarsu, ya duba ya ce irin na Safiya ne sak. Haɓon bai rabu da shi ba, ba kuma zai rabu ba, amma da aka daina ƙwayar sai ya zama abin da in an danne yakan tsaya, jini ya dawo masa fuska. Sanyi ya shigo aka yi wa sa'o'insa kaciya, shi yana nan. Yara ba su da tausayi. Ya daina zuwa wankan rafi, ya daina shiga wasa, akwai sunan da suka laƙaba masa da ba zan rubuta ba. Sai da ya kusa balaga sannan aka samu yi masa a asibiti da jini a tanade, kuma ko a haka sai da muka ga tashin hankali. Baffa kuwa ya daɗe bai bar mahaifiyarku ta taka gidansa ba, ita ta biya wannan kason, ba ta kuma taɓa yi mini gori ba.

Sojoji suka karɓi mulki, aka ce za a gyara, mu dai layinmu bai gajarce ba. Ni ban daina zuwa gaisuwa ba, ni kaɗai. In durƙusa a zaure Baffa ya amsa da ka, in shiga wurin Inna ta ce "lahiya" ta juya ga bango. Ba ta taɓa tambayar yaron ba, ni ma ban taɓa ɗauko zancensa ba. Na lura ta daina fitowa inuwar rumbu, kullum tana ɗaki, na ɗauka fushi ne. In na dawo Bodinga yaron ya tare ni a hanya ya tambaya ko Inna ta ce a gaishe shi, in ce ta ce. Sau da yawa na yi niyyar in tafi da shi ko na wuni ɗaya, in riƙe hannunsa kada in sake, sai in tuna maganar Baffa, in tuna gwangwanin nan, in ce bari dai a ƙara kwana biyu. Ina jira ta aiko, ko da kalma ɗaya ce, in san ta yarda da zancen ƙwayar.

Damina ta zagayo, ita ma ba ta yi abin kirki ba. Kafin a yi girbi aka aiko mini Inna ta rasu.

Bayan an dawo daga maƙabarta Goggo Mairo ta kira ni ɗakin. An naɗe tabarma, an tattara kaya gefe guda. Ta miƙo mini gwangwanin alewar. Na karɓa na ji shi sakayau, na buɗe, ba komai a ciki sai tsatsa.

"Tun ran da ka ɗauke shi," in ji Goggo, "da la'asar ta tashi ta juye su duka cikin masai. Mai magani ya zo ƙofar gida ta sa anka kore shi. Ta bi matan gidan ga ɗaki ɗaki, ta ce duk wadda ta aje ƙwayar ga ba ta yafe ba. Ita kanta ba ta ƙara haɗiyar ko ɗaya ba. Ka ga ta daina fita? Gwiwa ce. Da rarrafe take zuwa alwala."

Na ce, "Don mi?"

"Ta ce ko wancan za ya maido mata shi, ko na wuni guda, kada a iske abin cikin gida. Har Baffanka ta rarrafa ta samu, ta ce in yaron ya zo wanzami ya taɓa shi, ita da shi sai gaban Allah. Bai ƙara ɗaga zancen ba."

"Goggo, duk kasuwa kina Bodinga. Mi ya hana ki gaya mani?"

"Na ce mata bari in gaya maka. Ta kama hannuna ta sa na rantse. Ta ce ita ba ta yi lalacewar da za ta aika wa ɗan fari da roƙo ba."

Yayanku yana nan da ransa, ga shi har da furfura da 'ya'yansa. In aka maida ni tsakar gidan nan zan sake riƙe hannunta, ban taɓa shakkar wannan ba. Ku riƙe abin da likitan nan ya faɗa, ku kai 'ya'yanku a duba jininsu kamar yadda na kai ku ɗaya bayan ɗaya, musamman masu niyyar haɗa zumunci, kuma kada kunyar kowa ta riƙe muku baki. Amma in kun je Shagari aka ce ubanku ya karya zuciyar Inna, kada ku yi gardama. Abu ɗaya kawai za ku gyara musu in sun ce ta mutu ba ta yarda ba: ta yarda tun ranar. Tsakanin Bodinga da Shagari ba wata tafiya ba ce, mota na tashi tun safe har la'asar. Shekara guda ina Bodinga ina jiran ta aiko, tana can da gwiwa a kumbure tana jiran in kai shi.

Gwangwanin yana cikin akwatina, ƙarƙashin rigunan sallah. In na mutu ku ba yayanku, ku karanta masa wannan. Shi har yau yana zaton ta manta da shi, ni kuma na sha zaunar da shi in gaya masa, bakina ya ƙi.